Rumfar Bas a Ƙofar Mai Wanki

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a layinmu. Duk tsawon shekarun nan, in na ɗaga kai daga keke, abin da idona ke fara sauka a kai shi ne shagon wanki da guga na tsallaken titi, da mai shagon zaune a ƙofa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana gyara duniya da baki. Kwamishina muke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa shi komai. Ruwan sama ne ya taɓa kora shi cikin zauren majalisar ƙaramar hukuma, ya zauna a bencin 'yan kallo har aka tashi. Tun daga ranar bai ƙara cewa "sun yanke shawara" ba, sai dai "mun yanke". Wankin kuwa matarsa ke yi a bayan shago, Maman 'Yan Biyu, wadda sai ka yi sati ba ka ji muryarta ba, sai ƙarar ruwa a baho.

Wata Laraba ya dawo daga majalisa yana tafe yana share gumi, ya tsaya a tsakiyar titi ya tafa hannu.

"Jama'a, a matso! Yau mun yi aiki."

Na ce, "Kwamishina, me kuka yanke mana kuma?"

"Abu uku, Tela. Na ɗaya, manyan motocin bas za su riƙa bi ta layin nan. Na biyu, tsohon siton nan na ƙarshen layi mun ba da izini a mai da shi otal. Na uku, allon shago. Daga yau duk allon da ya wuce tsawon hannu, ko ya leƙo kan hanya, za mu cire shi."

Mai kemis, wanda shagonsa ke can sama inda titin ya fi faɗi, ya ce, "To kai ka ɗaga hannu da aka zo ƙuri'a?"

"Ban ɗaga ba, amma shugaba ya kalle ni sau biyu kafin ya buga guduma. Mai hankali ya san abin da hakan ke nufi."

Da mutane suka watse sai ya tsallako shagona, ya ture yadin da ke kan benci ya zauna, ya rage murya kamar mai shirin juyin mulki.

"Tela, otal me yake da shi?"

"Baƙi."

"Gadaje! Kowane gado da zanensa, da rigar filo, da tawul. Wa zai wanke? Wankin otal ɗin nan nawa ne, ka rubuta ka ajiye. Abin da ya rage kawai manaja ya san da ni. In tashar bas tana ƙofata, duk wanda zai je otal a gabana zai sauka. In ya ɗaga kai ya ga allona. Shi ke nan, magana ta ƙare."

Na ce, "Tashar kai za ka sa ta?"

Ya yi min irin kallon da ake yi wa wanda bai san gari ba, ya tashi.

Bayan sati biyu masu awo suka zo da tef da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Wata jami'ar tsara gari ce ke jagorantar su, doguwa, ba ta dariya, takarda naɗe a hammatarta. Suka auna titi sama da ƙasa, suka kafa turke mai ruwan ɗorawa a gaban kemis. Kwamishina ya bi ta har mota yana ba ta shawara, ta ce masa ya rubuto.

A cikin kayan da aka kawo wanki a makon akwai rigar wani ma'aikacin hukumar, irin mai ƙyallin nan da masu aikin titi ke ɗorawa a kan kaya. Washegari da rana tsaka, ido na ganin ido, sai ga Kwamishina ya fito sanye da ita, ta ƙi rufe masa tumbi, da guduma a hannu. Ya taka har gaban kemis ya kama turken yana girgizawa.

Mai kemis ya fito. "Kai, lafiya?"

"Gyaran taswira."

"Wa ya aiko ka?"

"Ka ga rigar nan ko ba ka gani ba?"

"Na gani. Jiya ma na gan ta a shanye a igiyarka."

"To yau tana bakin aiki. Matsa, kada ka hana hukuma aikinta."

Mai kemis dama ba son tashar yake ba, don za ta hana masu mota tsayawa sayen magani, sai ya koma ciki abinsa. Kwamishina ya saɓo turken kamar wanda ya farauto barewa, ya zo ya kafa shi taku ɗaya daga ƙofarsa.

Na ɗaga murya daga shagona na ce, "Ka ɗan matsar da shi bakin titi mana!"

"Don wani ya ce tashar ta maƙwabcina ce? A'a. Nan dai, a yi ta ta ƙare."

Abin da bai sani ba, ni ma sai daga baya na sani, shi ne masu awo daban, masu gini daban. Masu gini ba ruwansu da takarda, turke suke bi. Inda suka tarar da shi nan ne tsakiyar bangon baya na rumfa, ko da a kan kabarin kakanka ne. Ran Litinin suka iso da siminti da ƙarafa. Babbansu ya dubi turke, ya dubi ƙofar shago, ya sosa ƙeya.

"Maigida, anya nan ne?"

Kwamishina ya ce, "Ni na san inda muka sa. Ku yi aikinku."

Suka yi aikinsu kuwa, babu ha'inci. Kafin yamma rumfar jiran bas ta tashi, da benci da rufi da bangon ƙarfe shuɗi a baya, wanda ya rufe ƙofar shagon ruf, ya rufe ɗan allon da ke sama, ya haɗiye wurin da igiyoyin shanya suke. Tsakanin bango da ƙofa ɗan lungu ne ya rage, wanda siririn mutum zai bi a kaikaice in ya riƙe numfashi.

Maman 'Yan Biyu ta dawo daga famfo da baho a ka, ta tsaya tana kallo. Ta gwada shiga ta dama, baho ya ƙi. Ta gwada ta hagu, baho ya ƙi. Ta sauke shi a hankali.

"Baban yara, ina ƙofarmu?"

"Tana nan, an ƙara mata tsaro ne. Ke ba ki ga baranda hukuma ta gina mana kyauta ba?"

"Ruwan kuma ta ina zai shiga?"

"Ta taga. Ai duk manyan wurare ta taga ake karɓar kaya."

Ta sake ɗaukar ruwanta. Ta zagaya ta bayan layi da bahonta, tafiyar da ta ninka ta da sau uku, haka kuma ta ci gaba da yi kullum.

Kwana uku ba wanda ya kawo wanki. Wani tsohon kwastoma ya yi ta zagaye da ƙullin kaya a hannu, har ya tsallako ya tambaye ni ko mai wanki ya tashi ne. Na nuna masa lungu. Ya leƙa, ya shafa cikinsa, ya ce zai dawo in ya rame. Bas ba ta ma fara aiki ba, amma masu zaman banza sun riga sun gane benci da inuwa, suka tare a rumfar tun safe. Kwamishina, da ya rasa wurin zamansa na ƙofa, sai ya koma cikinsu yana yi musu bayanin tsarin sufuri.

Na ce masa, "Garin gyaran gira ka tsone ido. Je ka gaya wa jami'ar nan gaskiya, wataƙila a matsar."

"Tela, matsalarka ba ka hangen nesa, shi ya sa har yau kana kan keke ɗaya. Allo kawai ya rage. Rumfa ta rufe ƙarami, sai a yi babba."

"Dokar da kuka yanke fa? Tsawon hannu."

"Dokar ta ce allon da aka kafe a bango ko a ƙasa. Ina wurin aka karanta. Nawa a sama zai zauna, ba bango ba ƙasa. Wanda ya san doka shi ya san ƙofar bayanta."

Ya sa mai walda ya haɗa masa allon langa-langa mai tsawon gado biyu, aka rubuta da jan fenti: BABBAN KAMFANIN WANKI DA GUGA, MASU HIDIMAR MANYAN OTAL-OTAL. Shirinsa shi ne a ja wayar ƙarfe daga rufinsa ta tsallaka titi zuwa rufina, allon ya yi lilo a tsakiya yana fuskantar otal.

Na ce, "Rufina? Wallahi ba da ni ba."

"Za a sa sunanka a ƙasa da ƙananan baƙaƙe."

"Ko da manya ne ban yarda ba."

Na tafi kai ɗinkin wata mata, na dawo na tarar da waya ɗaure a ƙarfen rufina, allo yana reto a sararin sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ɗauko almakashi, sai na tuna almakashin yadi ba ya yanka ƙarfe. Mai walda na naɗe kayansa ya ce, "Ni dai na faɗa masa ya yi ƙasa."

Kwamishina ya ce, "Bai yi ba, na auna."

Yadda ya auna ɗin na gani da idona. Ya tare wata ƙaramar motar haya irin waɗanda muka saba shiga, ya hau benci, ya ɗora sandar share yanar gizo a kan rufinta, ya ƙara kamu ɗaya.

Na ce, "Sababbin bas ɗin an ce dogaye ne."

"Mota mota ce. Ƙafa huɗu duk suke da ita."

Ana saura kwana biyu a buɗe otal, sai ga wani mutum da kwat da jaka ya tsaya a rumfa yana waige-waige. Ya tambayi masu zaman benci ina ake wanki a nan, suka nuna masa lungu. Siriri ne, ya shige. Ni kuwa na ajiye ɗinki na tsallaka na tsaya a taga, don irin wannan ba a bari a ba ka labari.

Ya ce shi ne manajan otal. Ya ga rigar mai gadinsu ne, farinta da karin gugarta suka ba shi mamaki, ya tambaya aka ce masa a layin nan ake yi.

Kwamishina ya miƙe har yana ture kujera. "Allon ka gani, ranka ya daɗe!"

"Wane allo?"

"Na sama."

"Ban ɗaga kai ba. Wa ya yi gugar rigar?"

Maman 'Yan Biyu na tsaye a ƙofar baya, hannunta duk kumfa. Kwamishina ya matsa ya tare ta da faɗin bayansa.

"Aikin hannuna ne. Shekara ashirin ina wannan sana'a. In na kama farin kaya, sai mai shi ya rantse ba nasa ba ne."

Manaja ya ce to, za a gwada. Zai aiko da zannuwan gado arba'in sababbi, a wanke a goge, a kai su otal da yammacin ranar buɗewa, don washegari baƙi za su fara kwana. In aikin ya yi, wankin otal duka na shagon ne. In bai yi ba, a yi haƙuri.

Da ya fita, Kwamishina ya leƙo ta taga ya ce min, "Tela, me na ce ka rubuta?"

Ta taga aka shigar da zannuwan, ɗaya bayan ɗaya. Maman 'Yan Biyu ta kwana biyu a kansu, ta jiƙa, ta wanke, ta ɗauraye sau uku, ta sa bula daidai gwargwado. Ɗan tsakar gidan da ke baya ya ɗauki rabi, suka bushe ta fara guga. Ranar buɗewa da safe sauran ashirin na jiƙe a baho, ba wurin shanya, tunda igiyoyin gaba rumfa ta cinye su.

Na ji ta ta taga tana cewa, "Ka ɗauka ka kai gidan yayata, tana da fili. Kafin azahar sun bushe."

"In kai arzikina bayan gari inda ba mai gani? Yau shugaba da manaja za su bi ta nan a bas ta farko. Talla ta zo har gida."

"Baban yara, ka kai gidan Yaya."

"Na ji."

Ta koma kan gugarta. Shi kuwa ya aro tsanin mai walda, ya jingina, ya hau da zannuwa a kafaɗa. Da wata doguwar gora ya riƙa tura su kan wayar allo, goma ta wannan gefe, goma ta wancan. Gaskiya sun yi kyau, farare tas, har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Sai dai jiƙaƙƙen zane nauyi gare shi. Ina kallon wayar tana sunkuyowa a hankali, ƙarfen rufina yana kuka.

Na fito na ce, "Kwamishina, wayar nan ta yi ciki!"

"Gaisuwa take yi. Shiga ciki, kana tare wa baƙi kallo."

Ya sauko ya sa babbar rigarsa, ya tsaya a gaban rumfa da takardar jawabin da ba wanda ya ce ya yi. Layi ya cika. Mai kemis ya rufe shago ya zo. Can sai muka ji oda, bas ta karyo kwana, sabuwa fil, an ɗaura mata ƙyallaye, tsawonta kamar ɗaki a kan ɗaki. Duk wanda ke wurin ya dubi bas, ya dubi waya, ya ja da baya. Kwamishina kaɗai ya matsa gaba yana ɗaga hannu biyu.

Direba ya ɗauka ado ne aka yi wa shugaba, kuma ga mutum a ƙasa da babbar riga yana yi masa alamar ya taho. Ya taho. Zane na farko ya manne a gilashi, na biyu ya bi shi. Allon ya daki goshin bas da ƙarar da ta tashi tantabarun layin gaba ɗaya. Wayar ta miƙe, ta yi ƙara, sai na ga kwanon rufina guda ya tashi sama ya bi su. Direba bai ga gabansa ba, ya taka birki, bas ta ja jiki ta tsaya daidai rumfa. Sauran zannuwan suka zubo, wasu a kan rufin bas, wasu ƙarƙashin taya, wasu cikin kwata. Ɗaya ya sauko a hankali ya lulluɓe mai busa ƙaho na 'yan tarba, ya ci gaba da busawa a ciki don bai san abin da ya faru ba.

Shugaban ƙaramar hukuma ya fara saukowa, hularsa a karkace. Jami'ar tsara gari na biye da shi da takardarta, sai manaja.

Kwamishina ya buɗe jawabi. "Ranka ya daɗe, a madadin 'yan kasuwar wannan layi..."

Shugaba ya ce, "Allon wane ne wannan?"

Layin gaba ɗaya ya juya ya kalli mutum ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ba a bango yake ba, ba a ƙasa yake ba."

Jami'a ta dubi allon da ke kwance a titi a lanƙwashe. "Yanzu a ƙasa yake."

Ta warware takardarta, ta duba, ta ɗaga kai ta dubi rumfa, ta sake dubawa. Ta taka zuwa kemis tana ƙirga taku, ta dawo fuskarta a murtuke.

"Tashar nan a gaban kemis na sa ta. Wa ya kawo ta nan?"

Mai kemis ya ce, "Wani ma'aikacinku ne, ranki ya daɗe. Da rigar aiki ya zo. Ba ta rufe masa ciki ba."

Aka kwashe da dariya. Wani daga cikin 'yan rakiyar shugaba ya ce, "Af! Shi ya sa rigata ta dawo a yage ta hammata!"

Kwamishina ya fara gumi. Ya ce an yi masa mummunar fahimta, turken ne ya ga ya karkace ya ɗan gyara masa zama. Jami'a ta ce gyaran zama na taku tamanin bai taɓa zuwa mata ba. Shugaba ya ce a rubuta komai a kawo gaban majalisa, kuma rumfa ba za ta motsa ba sai an sake zama a kan tsarin hanyar, wataƙila baɗi. Ni ma na matso na nuna musu ramin da ke rufina, na ce a rubuta har da shi.

Manaja kuwa ya nufi gindin bas. Ya sunkuya ya jawo zane ɗaya daga ƙarƙashin taya. Rabinsa baƙin mai ne da sawun taya, ɗaya rabin fari ƙal. Ya juya shi, ya shinshina, ya murza gefen da yatsa. Sannan ya ɗago, muryarsa a sanyaye.

"Zannuwana ne waɗannan?"

Kwamishina ya shiga naɗe takardar jawabinsa.

"Tambayarka nake. Kai ne ka ce min komai aikin hannunka ne. Kai ka yi wannan aikin?"

A nan ne mutumin ya hango rami, ya yi tsalle ya faɗa wanda ya fi shi zurfi. Ya ɗauka manaja mai laifi yake nema.

"Ni? Ranka ya daɗe, ni ban taɓa su ba! Harkar wanki gaba ɗaya ba hannuna. Wallahi shekara ashirin ban taɓa sa hannu a ruwan sabulu ba, ga Tela nan ka tambaye shi. Dutsen guga ma ban san ta inda ake kunna shi ba. Ni shugabanci kawai nake yi. Ita ke jiƙawa, ita ke wankewa, ita ke gogewa. Ga ta can!"

Ya nuna lungu. Maman 'Yan Biyu ta fito a kaikaice, ɗauke da zannuwa ashirin da ta gama gogewa, a ninke kamar an yanka su da wuƙa. Ta ji komai. Ta dubi waɗanda ke cikin kwata, kwana biyu na wahalarta, na ga idonta ya kawo ruwa, ta mai da shi. Tausayinta ya kama ni har na manta da rufina.

Manaja ya ce, "Tela, gaskiya ya faɗa?"

Na ce, "Tunda nake da shi, yau ne na fara jin ya faɗi magana ba ƙari."

Manaja ya karɓi zane ɗaya daga hannunta ya buɗe, ya duba kusurwa huɗu.

"Baiwar Allah, ke kika yi wannan?"

"Ni ce."

"Waɗancan kuma wa ya rataye su a kan titi?"

Ba ta ko kalli mijinta ba, amma gorar da ya yi shanya da ita tana jingine a rumfa, kusa da ƙafarsa.

Manaja ya ce, "To. Shagon nan ba zan ba shi ko tsumman goge tebur ba. Amma muna da ɗakin wanki a otal, da injuna da fili, na rasa wanda zan damƙa wa. In kin yarda, ke ce babba a wurin, daga yau."

Kwamishina ya farfaɗo nan take. "Mun amince! Sai dai a matsayina na shugaban kamfani, dole a zauna da ni a..."

"Da wanda ya iya wanki nake magana."

Maman 'Yan Biyu ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta miƙa wa direba zannuwan da ke hannunta, ta bi titi tana tsince na ƙasa ɗaya bayan ɗaya, matan layi suka taya ta. Mai walda ya ja allon gefe. Shugaba ya koma mota, jami'a ta bi shi tana rubutu, manaja ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ta hanya ta hau.

Kwamishina ya biyo ta har matakala, ya rage murya, amma duk mun ji.

"Ke, haba. Shagon fa? Wa zai riƙe?"

Ta zauna kusa da taga, ta zuge gilashi. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin ta yi magana a bainar jama'a ba sai ran nan.

"Akwai kayan mutane baho uku a jiƙe a baya, gobe za a zo karɓa. Sabulu na kan taga. Tunda kai ne shugaba, je ka shugabance su."

Bas ta tashi. Ya tsaya da takardar jawabi a hannu har ta kai ƙofar otal, sannan ya juyo ya tsallako wurina, ya sunkuyo daidai kunnena.

"Tela, tsakaninmu. Ita bular nan, kafin sabulu ake sa ta ko bayan?"